MASINJAN GIDAN WAYA A ƘAUYUKAN AMURKA DA WAHALAR HUNTURU

Kowa ya san amfanin wasiƙa. Mutum yana zaune a gari mai nisa, ya rubuta abin da ke ransa, ya sa a ambulan, ya manna kan sarki, ya jefa cikin akwatin gidan waya. Bayan 'yan kwanaki sai ga takardar a hannun ɗan'uwansa. Amma kafin ta kai, tilas sai wani ya ɗauke ta ya bi hanya da ita. Wannan darasi labarin irin waɗannan mutane ne a ƙasar Amurka, watau masinjojin gidan waya masu kai wa manoma wasiƙu har bakin gonakinsu. Za mu ga yadda aikin ya faro, da abin da doka ta ce a kan ba su tukuici, da kuma yadda su da masu gidaje su ke shirin zuwan hunturu, gama hunturun can yana kisa.

1. ZAMAN MANOMI A AMURKA

A wurinmu gidajen ƙauye suna haɗe wuri guda, da safe kowa ya ɗauki fartanya ya tafi gona. A yawancin ƙasar Amurka ba haka abin ya ke ba. Can manomi ya kan gina gidansa a tsakiyar gonarsa. A shekarar 1862 Gwamnatinsu ta kafa doka, ta ce duk wanda ya yarda ya zauna a sabuwar ƙasa ta yamma, ya nome ta shekara biyar, za a ba shi eka 160 ta zama tasa. To, ka ga in kowa yana zaune a tsakiyar eka 160, ai tsakaninsa da maƙwabcinsa akwai tafiya. Zuwa gari kuwa, wani sai ya yi mil biyar, wani mil goma, wani fiye da haka.

Mutanen manyan birane sun fara samun wasiƙunsu a ƙofar gida tun shekarar 1863, ba tare da sun biya wani kuɗi dabam ba. Manomi kuwa sai ya bar aikinsa, ya ɗaura wa doki sirdi, ya tafi gidan waya ya tambaya ko akwai takardarsa. Sau da yawa ya kan tarar babu, ya komo hannu wofi, ga yini ya tafi. In hanya ta ɓaci da ruwa ko da ƙanƙara, sai ya yi mako biyu ko uku bai ji labarin kome ba. Alhali kuwa kuɗin kan sarki ɗaya ne, abin da ɗan birni ya biya shi manomi ya ke biya. A shekarar 1890 kuma, cikin kowane mutum uku na Amurka, wajen biyu mazauna karkara ne. Saboda haka manoma suka ce ba a yi musu adalci ba.

2. YADDA AKA FARA

Manoma suna da wata ƙungiya tasu da a ke kira Grange. Ita da waɗansu ƙungiyoyi suka yi ta aika wa Majalisa takardun kuka. Wani babban ɗan kasuwa mai suna John Wanamaker, wanda ya shugabanci gidajen waya na ƙasar daga 1889 zuwa 1893, ya goyi bayansu. Amma akwai waɗanda suka ƙi. Waɗansu suka ce kuɗin zai yi yawa. Masu kantuna na ƙananan garuruwa kuma suka ji tsoro, domin manomi in ya zo karɓar wasiƙa ya kan yi sayayya, in ya daina zuwa kuwa ciniki ya ragu.

Daga baya aka yarda a gwada. Ran 1 ga Oktoba, 1896, aka fara a jihar Bajiniya ta Yamma, a garuruwa uku: Charles Town, da Halltown, da Uvilla. Kafin shekara ta kewayo an buɗe hanyoyi 44 cikin jihohi 29. A shekarar 1902 aka tabbatar da aikin, ya zama na dindindin.

A wancan lokaci ba kowane wuri a ke ba masinja ba. Sai gidaje kamar 100 sun sa hannu a takarda sun roƙa. Sa'an nan a aiko ma'aikaci ya duba hanyar. In ya ga akwai rafin da ba gada, ko wurin da keken doki zai kafe, sai ya ce ba za a ba su ba tukuna. Wannan ya sa manoma suka riƙa fitowa gayya suna gyaran hanyoyinsu, suna matsa wa hukumominsu su gina gadoji. A shekarar 1916 Gwamnatin ƙasar ta ware dala miliyan 75 don gyaran hanyoyin karkara waɗanda wasiƙu ke bi. Ka ga ashe wasiƙa ta jawo hanya.

Tsoron masu kantuna kuwa ba a banza ba ne. A shekarar 1901 akwai gidajen waya fiye da 76,000 a Amurka. Daga nan suka yi ta raguwa, gama masinja ɗaya ya kan yi aikin ƙananan gidajen waya da dama. A farkon shekarar 1913 kuma aka fara karɓar manyan ƙunshin kaya. Manomi ya duba littafin kaya na wani babban kanti da ke birni, ya zaɓi takalmi ko yadi, ya aika da kuɗi, masinja ya kawo masa. Tun daga 1918 har 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya a ke aikawa ta gidan waya cikin kwali mai huji.

3. AKWATI A BAKIN HANYA

Masinjan karkara ba ya shiga kowace gona. Da zai yi haka, da ba zai gama ba. Kowane mai gida ya kan kafa akwati a kan gungume a bakin hanya, ya rubuta lambar gidansa a jiki. Da fari mutane suna rataye abin da suka samu, wani gwangwanin mai, wani akwatin sabulu. Ruwa ya riƙa jiƙa wasiƙu, bakin gwangwani ya riƙa yankan hannun masinja. Sai hukuma ta ce tilas a yi akwati irin wanda ta yarda da shi. A shekarar 1915 wani injiniyan gidan waya, Roy Joroleman, ya zana akwatin ƙarfe mai tsawo, bayansa a gantsare kamar rufin rumbu, don ruwa da ƙanƙara su riƙa zamewa. Har yau irinsa ya fi yawa a karkarar Amurka.

A gefen akwatin akwai 'yar tuta, galibi ja. In mai gida yana da wasiƙar da zai aika, sai ya sa ta ciki ya ɗaga tutar. Masinja na hango tuta a tsaye ya san akwai abin ɗauka, ko da bai zo da takardar gidan ba. Akwatin kuma yana da ma'auni: tsayinsa daga ƙasa inci 41 zuwa 45, nisansa daga bakin titi inci 6 zuwa 8. Dalili shi ne don masinja ya miƙa hannu daga cikin mota ya buɗe, ba sai ya sauka ba. A Amurka direba a hagu ya ke zama, motoci kuma hannun dama su ke bi. Saboda haka motocin gidan waya da yawa an mai da musu sitiyari dama, gefen da akwatunan su ke.

4. AIKIN YINI

Masinja ya kan iso ofis da sassafe. Ya jera wasiƙu bi da bi, yadda gidajen su ke a kan hanyarsa, ya loda kaya, ya kama hanya. A zamanin doki hanya ɗaya ta kan kai mil 25, doki da keke kuwa nasa ne, shi ke ciyar da dabbarsa. Yanzu da mota a ke yi, har akwai hanyoyin da suka fi mil 150 a yini. Da yawa cikin masinjojin karkara da motocin kansu su ke aiki, hukuma ta biya su kuɗin mai da gyara. Maza da mata duka suna yi. Kwana shida a ke fita cikin mako.

Mutane su kan ce masinjan karkara gidan waya ne mai tafiya. Yana sayar da kan sarki, yana karɓar kayan da za a aika, yana karɓar kuɗi ya yanko wa mutum takardar aika kuɗi. Abin da ya ke ɗauke da shi kuwa ba gaisuwa kaɗai ba ce. Akwai magungunan tsofaffi da na tsofaffin sojoji, waɗanda asibiti ke aiko musu ta gidan waya. Akwai takardun kotu, da na haraji, da na zaɓe, da irin shuka. In masinja bai iso ba, wani tsoho yana iya kwana ba maganinsa.

Akwai kuma wuraren da mota ba ta zuwa. A jihar Arizona akwai ƙauyen Supai, a can ƙasan wani kwazazzabo mai zurfi. Alfadarai ke kai musu wasiƙu da abinci, tafiyar wajen mil 8. A Alaska kuwa, ƙasar sanyi ƙwarai, da karnuka ke jan kayan gidan waya a kan ƙanƙara, sai a shekarar 1963 aka daina, jirgin sama ya karɓi aikin.

5. MAGANAR TUKUICI

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. In an aiko maka da abu, ka kan ba ɗan aiken ɗan wani abu, don ya san ka ji daɗi. Mutanen Amurka ma suna da irin wannan al'ada, har ta fi tamu ƙarfi a waɗansu wurare. Wanda ya ci abinci a gidan abinci ya kan ƙara wa mai kawo masa abincin kashi 15 ko 20 cikin 100 na kuɗin. Haka wanzami, haka direban tasi. In Kirsimeti ya gabato a watan Disamba, lokacin da kaya suka fi yawa, sanyi kuma ya kama, sai mutane su fara tambaya, "Nawa za mu ba masinja?"

Amsar ita ce, kuɗi dai ko anini ba a yarda ya karɓa ba. Masinjan gidan waya ma'aikacin Gwamnatin ƙasa ne, dokar ma'aikata kuwa ta hau kansa. Ga abin da dokar ta ce:

Na ɗaya, kada ya karɓi tsabar kuɗi, ko cek, ko wani kati da a ke iya mayarwa kuɗi, kome ƙanƙantarsu.

Na biyu, yana iya karɓar kyautar kaya in tamaninta bai wuce dala 20 a lokaci guda ba.

Na uku, duk abin da zai karɓa daga hannun mutum ɗaya cikin shekara guda kada ya wuce na dala 50.

Na huɗu, kada shi da kansa ya roƙi kyauta.

Me ya sa aka yi wannan doka? Da fari, an riga an biya kuɗin aikin. Wanda ya aiko da wasiƙa ya sayi kan sarki, daga irin wannan kuɗi ne a ke biyan masinja albashinsa. Mai karɓa ba a binsa kome. Na biyu kuma, shi ne ya fi muhimmanci, in baki ya ci ido ya kan ji kunya. A kan hanya ɗaya akwai mai gona eka dubu, akwai kuma gwauruwa wadda ba ta da abin bayarwa. In aka bar ƙofar kuɗi a buɗe, wata rana masinja zai fi kula da kayan mai bayarwa. Ko da shi bai yi haka ba, talaka zai riƙa zargi a ransa. Sannu a hankali abin da ya faro da sunan tukuici ya zama tilas, wanda bai bayar ba ya ga wasiƙarsa tana jinkiri. Daga nan ya tashi daga tukuici ya koma cin hanci. Tun asali kuwa manoma sun yi kuka ne don a daidaita su da 'yan birni. Ba zai kyautu ba a komo a bambanta manomi da manomi.

Duk da haka akwai masu sa kuɗi cikin ambulan su ajiye a akwati, don ba su san dokar ba. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma sun jefa masinja cikin tsaka mai wuya. In ya karɓa ya karya dokar aikinsa, in ya mayar yana tsoron kada a ce ya raina. Waɗanda suka sani su kan ba shi safar hannu, ko waina da biskit da uwargida ta toya, ko kofin shayi mai zafi ranar sanyi, ko ruwa mai sanyi ranar zafi. In abincin ya yi yawa sai ya kai ofis a ci tare. Waɗansu kuma su kan rubuta wa shugaban gidan wayar garin takarda, su yaba aikin masinjansu. Wannan ba ta da tsada, amma tana da daraja wurin ma'aikaci.

Akwai kyautar da ta fi waɗannan duka. Amma ba za mu gane ta ba sai mun san irin hunturun ƙasar.

6. HUNTURUN AMURKA

Mu in an ce hunturu, sai mu tuna da iska mai ƙura, da faso, da jin ɗumi da asuba. A arewacin Amurka, daga wajen Disamba zuwa Maris, sanyi ya kan kai har ruwa ya daskare ya zama dutse. Maimakon ruwan sama sai wani abu fari, mai laushi kamar audugar da aka shiɓa, ya riƙa zubowa. Shi a ke kira dusar ƙanƙara. Ba irin ƙanƙarar da ke faɗowa da damina ta narke nan da nan ba ce. Ita wannan tana taruwa, ta rufe gona da hanya, wani lokaci ta kai gwiwa, wani lokaci ta kai ƙirji.

Abin tsoro shi ne in ta haɗu da iska mai ƙarfi. Ma'aikatar duba yanayi ta ƙasar tana kiran abin guguwar ƙanƙara in iska ta kai gudun mil 35 a sa'a, mutum kuma ba ya iya hangen abin da ya wuce rubu'in mil, aka kuma yi sa'a uku ko fiye a haka. Cikin irin wannan, sama da ƙasa duk su kan zama fari fat. Mutum ya fita ƙofar ɗakinsa taku kaɗan, ya juya ya rasa inda gidan ya ke.

Ran 12 ga Janairu, 1888, gari ya waye da ɗan ɗumi a Nebaraska da Dakota da Minesota. Yara suka tafi makaranta ba manyan riguna, manoma suka fita da dabbobi. Da rana sai guguwa ta auko ba zato. Mutum wajen 235 suka mutu, da yawa cikinsu 'yan makaranta ne da suka ɓace a hanyar gida. An tsinci waɗansu kusa da ƙofofin gidaje. Irin wannan ne ya sa manoma su kan ɗaura igiya daga ƙofar gida zuwa garke, don su riƙa binta da hannu in za su ba dabbobi abinci. A Janairu na 1949 kuma guguwa ta rufe Wayomin da Nebaraska da maƙwabtansu makonni, dubban shanu da tumaki suka mutu, har sai da jiragen saman soja suka riƙa jefa wa dabbobi harawa daga sama.

Babban abin da ya cuci mutanen 1888 shi ne rashin labari. Da aka kafa aikin masinjan karkara, sai aka riƙa ba shi 'yan takardu ɗauke da bayanin yanayi da gargaɗin sanyi, yana rabawa tare da wasiƙu. A wajen 1901 ana yin haka. Yanzu rediyo da talabijin da wayar hannu su ke wannan aiki. Gargaɗin iri biyu ne. Na fari yana cewa guguwa tana iya zuwa nan da kwana ɗaya ko biyu, a shirya. Na biyu yana cewa ta iso, ko ta yi kusa, kowa ya shiga ɗaki.

Masinjojin da su kan sa ɗan murhu cikin keken doki, ko su gasa tubali su sa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Da motoci suka zo, waɗansu suka cire ƙafafun gaba suka ɗaura dogayen katakai masu sulɓi, don motar ta riƙa zamewa a kan ƙanƙara. Na yanzu su kan ɗaura sarƙa a taya, su riƙe shebur da bargo cikin mota.

7. SHIRIN MAI GIDA

Mai kwarmin ido da wuri ya ke fara kuka. Manomin da ke nesa da gari ba ya jira sai guguwa ta taso. Ga abin da hukumomi ke gaya wa mutane su tanada tun da wuri:

Abinci wanda ba ya lalacewa, ba ya kuma bukatar dahuwa, na kwana uku ko fiye.

Ruwan sha, galan ɗaya ga kowane mutum kowace rana, gama famfo ya kan daskare, injin rijiya kuma ba ya aiki in wutar lantarki ta ɗauke.

Itace ko man dumama ɗaki, da barguna, da tufafi masu kauri.

Tocila, da batir, da rediyo mai aiki da batir.

Magani. Wanda maganinsa ke zuwa ta gidan waya, ya nemi sabo tun na hannunsa bai ƙare ba.

Harawa da mafaka don dabbobi, da gatarin fasa ƙanƙarar da ke rufe kwamin ruwansu.

Mota kuma kada tankinta ya yi ƙasa da rabi. In guguwa ta tsare mutum a hanya, kada ya fita da ƙafa neman taimako, gama zai ɓace. Ya zauna cikin motar. Ya ta da injin kamar minti 10 cikin kowace sa'a don ya sami ɗumi, ya ɗan buɗe taga, ya kuma tabbata ƙanƙara ba ta toshe bakin salansa ba. Ya ɗaura ƙyalle mai launi a waje don masu nema su gan shi.

Akwai wani maƙiyi da ya fi sanyin saurin kisa. Gawayi, da risho, da injin janareta, da injin mota, duk suna fid da wata iska mai guba wadda ba a ganinta, ba a kuma jin warinta. In ɗaki a rufe ya ke, sai mutum ya ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, ba ya farkawa. A Fabrairu na 2021 sanyi mai tsanani ya sauka a jihar Teksas, inda ba a saba da shi ba. Wutar lantarki ta ɗauke wa miliyoyin gidaje. Hukumar jihar ta ƙirga mutum 246 da suka mutu, waɗansu cikinsu wannan iska ce ta kashe su sa'ad da su ke neman ɗumi. Wannan gargaɗi ya shafe mu mu ma. Kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, kada kuma a kunna janareta cikin ɗaki ko zaure.

8. KYAUTAR DA TA FI

In ƙanƙara ta zuba, hukuma ta kan fito da manyan motoci masu faifan ƙarfe a gaba, su ture ta daga kan titi zuwa gefe. To, gefen nan kuwa nan ne akwatunan wasiƙu su ke. Sai ka ga tulin ƙanƙara ya binne akwati, wani lokaci ma ya karya gungumen. Share wurin aikin mai gida ne. Tilas ya ɗauki shebur ya buɗe fili isasshe, yadda motar masinja za ta matso, ta tsaya, ta wuce gaba ba tare da ta ja da baya ba. In akwai matakala ko 'yar hanyar da masinja zai taka don kai kaya ƙofa, a share ta, a zuba gishiri ko yashi don kada santsi ya ka da shi. A kuma ɗaure kare. A shekarar 2023 kaɗai karnuka sun kai wa ma'aikatan gidan waya hari fiye da sau 5,800.

In ba a share ba, dokar aiki ba ta tilasta wa masinja ya sa kansa cikin haɗari ba. Sai ya koma da wasiƙar ofis, ya sake gwadawa wata rana. Ka duba, mutum ne mai akwatuna ɗari huɗu ko ɗari biyar a gabansa. In zai sauka ya haƙa kowanne, dare zai yi masa bai kai rabi ba, na ƙarshen hanya su rasa nasu. Saboda haka wanda ya share gaban akwatinsa bai taimaki masinja kaɗai ba, ya taimaki maƙwabtansa duka. Aikin kuwa yana da nauyi, likitoci suna gargaɗin tsofaffi da masu ciwon zuciya kada su yi shi. Samari su kan share wa tsofaffin da ke kusa da su.

Masinja shi ma yana rama alheri. Shi ne mutumin da ke wucewa ta ƙofar kowa kusan kullum. In ya ga wasiƙun jiya da na shekaranjiya suna nan cikin akwatin wani tsoho da ke zaune shi kaɗai, ba kuma sawun kowa a kan ƙanƙara, sai ya san ba lafiya ba, ya sanar. Tun shekarar 1982 akwai shiri na musamman a garuruwa da dama, inda tsoho ko mai naƙasa ke ba da sunansa don masinja ya riƙa lura da akwatinsa. An ceci rayuka ta wannan hanya.

A goshin babban ginin gidan waya na birnin Niyu Yok, wanda aka buɗe a 1914, an sassaƙa waɗansu kalmomi na Hirodotas, wani marubucin Girka na zamanin da, inda ya ke yabon juriyar manzannin sarakunan Farisa. Mutane da yawa suna tsammani alkawari ne hukuma ta yi cewa kome tsananin yanayi sai masinja ya fita. Ba haka ba ne, yabo ne kurum. Ran masinja ya fi wasiƙa. Ran 30 ga Janairu, 2019, sanyi a birnin Shikago ya kai awo 30 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. A irin wannan sanyi, in da iska, fatar mutum tana iya daskarewa cikin 'yan mintoci. Hukumar gidan waya ta dakatar da rabon wasiƙu a sassan jihohi da dama, har da Minesota da Dakota. Wanda ya tanadi maganinsa da abincinsa tun da wuri bai damu ba.

To, jama'a, kun ga yadda abin ya ke. Aikin nan amana ce tsakanin mutum biyu. Masinja ya kai wa kowa haƙƙinsa, mai kuɗi da talaka, na kusa da na ƙarshen hanya, ba ya karɓar kuɗin kowa. Mai gida kuma ya gyara hanya, ya kafa akwati daidai, ya share ƙanƙara, ya tanadi bukatunsa don kada ya dogara ga zuwan masinja ranar da fita ta zama haɗari. In kowa ya riƙe nasa, wasiƙa za ta iso, wanda ya kawo ta kuma ya koma wurin iyalinsa lafiya.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa gidajen manoman Amurka su ke nesa da juna?
2. A wace shekara aka fara kai wa manoma wasiƙu, a wace jiha kuma?
3. Mene ne amfanin 'yar tutar da ke jikin akwati?
4. Wace irin kyauta ce doka ta hana masinja karɓa? Don me?
5. Faɗi abubuwa huɗu da mai gida ke tanada kafin guguwar ƙanƙara.
6. Me ya sa ba a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki?
7. Wace kyauta ce ta fi amfani ga masinja lokacin hunturu?